Igiyar Yaya

Dogo ya ƙara zagaya bandejin a ƙwaurinsa na dama, ya ja shi tamau, sannan ya janyo doguwar safa ya rufe. A bayan motar ruwa ya tsuguna yake wannan aiki, yana waige-waige kamar mai ɓoye kayan sata. Abin dariyar shi ne wanda yake ɓoye wa ɗin ba ya gani.

"Dogo! Ƙasa ce ta haɗiye ka?" Muryar yayansa ce daga cikin taron 'yan tsere.

"Ga ni, Yaya. Takalmi nake ɗaurewa."

Tun yana saurayi Yaya ya rasa idanunsa. Saƙar kujeru yake yi a wani ɗan shago, kuma da zaren kujerun ya tufka gajeriyar igiyar da ke hannunsa yanzu, mai zobe a kowane baki. Zobe ɗaya a wuyan hannunsa, ɗaya a na Dogo. Haka suka shekara suna fita da asuba kafin Dogo ya tafi ɗaukar bas ɗin da yake tuƙawa, duk don wannan rana ta gudun famfalaki. Yaya ya daɗe yana son ya ji yadda ƙarshen tseren yake, ba a bakin wani ba.

Sai ga ciwo ya ɓullo a ƙwaurin Dogo. Likitan ƙashi ya ɗaga hoto a hasken taga, ya nuna masa wani siririn layi kamar gashi.

"Tsagewa ce, bai karye ba tukuna. Ka yi gudu a kansa, ya ɓalle. Da wace ƙafa kake taka birki?"

"Da ita."

"To, kai ka sani."

Matar Dogo ta faɗi nata ta gaji, daga baya ta yi shiru, wanda ya fi faɗan ciwo. Amma Dogo ba ya iya kallon fuskar Yaya ya ce a fasa. Kai, ba zai iya ba! Ya haɗiyi maganin rage zafi, ya ce Allah ya kai su lafiya.

Aka busa usur, jama'a suka ɗunguma. Dogo ya kama aikinsa da ya saba, magana kaɗan-kaɗan, daidai kunnen Yaya.

"Kwana hagu. Rami, ɗaga ƙafa. Mutane a gaba, sassauta."

Da farko lafiya lau. Suka wuce shaguna da ba a buɗe ba, suka wuce tashar da Dogo yake ɗaukar fasinja, inda abokan aikinsa suka yi ta ihu suna cewa yau direba ya zama jakin Yaya. Yaya ya yi dariya har yana tari. Numfashinsa a daidai yake, ƙafafunsa na sauka sumul. Dogo ya dube shi, daɗi ya kama shi.

Da rana ta ɗaga, magani ya fara sakinsa. Duk takun da ya yi sai ya ji kamar an soka masa ƙusa mai zafi. Ya koma dogara da ƙafar hagu, ya cije leɓe. A gangaren gada ya manta bai ce "gangara" ba, abin da bai taɓa mantawa ba.

A haka suka iso teburin ruwa. Nan Yaya ya ja ya tsaya cak, ya zare zoben daga hannunsa.

"Yaya, lafiya? Mun wuce rabi fa!"

"Zauna."

"In zauna? Ai..."

"Ka zauna na ce. Tun daga ƙofar gida nake jin ƙafar nan taka. Da can tas-tas kake sauka, yau ɗaya na magana, ɗaya na raɗa. Igiyar ma tana fizga ta gefe guda. Ni ka mayar sakarai?"

Dogo ya zauna a bakin titi.

"Na yi ta jira ka faɗa da kanka," in ji Yaya, muryarsa ta yi ƙasa. "Na ce ko tsamin jijiya ne ya sake ka. Son raina ne ya sa na bari muka kawo nan. Dafa kafaɗata."

Haka suka nufi rumfar masu agaji, Dogo na ɗingishi a jikin Yaya yana faɗa masa hanya. Wata ma'aikaciyar jinya ta taso da sauri da kujera, ta kama hannun Yaya za ta zaunar da shi.

"A'a, 'yata, ni ƙalau nake. Ɗan jagoran ne ya lalace."

Ta zare igiyar daga hannun Dogo ta miƙa wa Yaya, sannan ta warware bandejin. Wurin ya kumbura ya yi suntum, tana ɗora yatsa Dogo ya zabura. Ta ce kada ya kuskura ya sake taka ta, motar asibiti za ta zo.

Wani jami'in tsere ya leƙo, ya ji abin da ya faru. Ya ce akwai mai jagora da aka tanada saboda irin haka, yana nan kusa, zai iya ƙarasawa da Yaya.

Dogo ya yunƙura. "Yaya, don Allah ka je. Shekara guda fa! Da ƙarfinka. Kada ka sa in kasa yafe wa kaina."

A waje takun masu gudu na ta wucewa, Yaya ya karkata kai yana saurare, yana murza igiyar a tsakanin yatsunsa. Kowa ya ga yana son tafiya, ba ya ma ɓoyewa.

Can ya lalubo kujera, ya ja ta kusa da gadon da aka kwantar da Dogo, ya zauna. Ya nemo hannun Dogo ya zura masa zobe ɗaya, ya mayar da ɗayan a nasa.

"Na gode, ranka ya daɗe," ya ce wa jami'in. "Wannan da kake gani, ina juya baya zai miƙe ya biyo ni."