Kirarin Motar Dalma

Shekara arba'in Babana ya yi yana zanen motocin katako a tashar Talata Mafara. Gajere Mai Fenti ake ce masa, ko da yake sai ya sunkuya yake shiga ƙofar zaure. In ka ga babbar mota ta ɗauko albasa daga Bakolori, da zaki a ƙofa, da ɗawisu a baya ya baza wutsiya, to hannunsa ne. Sai ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, aka yanke ta daga gwiwa. Tun ranar da muka dawo da shi daga asibiti bai sake leƙa ƙofar gida ba, shekara biyu cur. Direbobi suka yi ta zuwa dubiya yana sa in ce yana barci, har suka gaji suka daina.

"Ba ni hita a riƙa dibana ana girgiza kai, Farida," abin da yake gaya mini ke nan kullum.

Ni ce 'yarsa ta fari. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, duk a banza. Abin yana cina ƙwarai, don ina kallon mutum yana ƙarewa a ɗaki kamar sabulu a ruwa.

Ana nan sai ga Tijjani, ɗan ƙanwar Baba, wato taubashina, malamin kimiyya a wata makaranta a Bakura. Mutum ne da ba ya rasa abin shirme. Ya zo da wani tsohon gwangwanin biskit ya zazzage shi a kan tabarma. Wasu 'yan sojoji ne na dalma, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, sun kai talatin. Rabinsu na sanye da hular kwano mai rufe fuska, da tulun iska a baya. Sauran kuwa wasu halittu ne masu hannu huɗu da kai irin na fara. Akwai kuma motocin yaƙi biyu masu tafiya da ƙafafu, kowacce kamar kwalin ashana.

Ya ce mahaifinsa ya yi wa wani Bature injiniya kuku lokacin aikin dam, da zai tafi ya bar masa su. Kwanan nan ya gano a waya cewa kayan wasa ne na manya, yaƙin duniyar taurari, ana jera su a tebur ana jefa ƙwayar lido ana awo da rula. Har ya samu abokin karawa, wani Murtala, ma'aikacin gona daga Maradun. Matsalar ita ce duk launinsu ɗaya, toka-toka, ba a bambance na wane da na wane.

"Gemu-gemu da kai, kana wasan 'yar tsana," na ce.

"Ke dai yi ta kanki. Kawu naz zo gani."

Baba ya ɗauki guda ya kai kusa da ido, ya juya shi. "Aikin banza na," ya ce. Amma bai ajiye ba. Can ya ƙara da cewa, "Tunda dai ba su da huska, babu laihi. Bar su nan."

Ni dai ban taɓa ganin aiki irin wanda na gani a makonni shidan da suka biyo baya ba. Burushinsa mafi ƙanƙanta ya yi wa sojojin girma, sai ya sa na tsinko masa gashin wutsiyar akuya, ya zaɓi sili biyar ya ɗaure a tsinken tsintsiya. Ya wanke su da toka da lemun tsami. Ya liƙa kowanne a kan murfin kwalba da ƙaro don ya samu wurin riƙewa. Ragowar fentinsa da ya daskare a gwangwanaye ya tsinka da kananzir. Fari ya fara shafa musu duka, ya bar su kwana biyu, ya ce ko mota ba a ɗora mata launi a kan tsiraicinta.

Tijjani ya nuna masa hotuna a waya, yadda Turawa ke yi musu launin ƙasa-ƙasa don ɓuya. Baba ya ture wayar. Masu hular kwano ya yi musu ruwan ɗorawa da jan layi, masu kan fara kuma kore da shuɗi. Ya kan riƙe numfashi, ya dafa tsintsiyar hannu a kan gwiwarsa mai lafiya, ya ja layi siriri kamar gashi ba tare da ya karkace ba. A kafaɗar wani ya zana fure mai ganye shida, wanda sai na ƙanƙance ido na ƙirga. A ƙofar mota ɗaya ya sa zaki, har da haƙora. Hannun da ya saba da faɗin babbar mota, ga shi yana aiki a wurin da bai kai farce ba, kuma ko rawa ba ya yi. Sau da yawa tuwona ya kama a tukunya ina tsaye ina kallonsa.

Amma duk wannan a ɗaki yake yi, ƙofa a saye.

Ranar da Tijjani ya zo ɗauka, ya yi ta juya su yana salati. Sai ya lura bayan motocin biyu fari fat, ba komai.

"Kawu, nan ka manta?"

"Ban manta ba. Wurin kirari na. Ni ban taɓa rubuta ma mota kirari ba sai na ga tuƙin direbanta. In kar rubuta Haƙuri a motam mai gaggawa, ka yi ƙarya, kuma ƙaryag ga za ta yi ta yawo da sunanka. Ku zo ku yi wasan ku nan in gani."

Tijjani ya buɗe baki zai ce to. Na taka masa ƙafa, ban kuma taka da wasa ba.

"Ai ba shi yiwuwa, Baba," na ce. "Teburin ya hi ƙohwag ga hwaɗi. Ko ba haka ba, Tijjani?"

Allah ya sa taubashin nawa yana da kai ko da ba ya yawan amfani da shi. Ya ce ƙwarai, an gina tuddai da ramuka na yumɓu a kai, in an ɗaga sai su farfashe. Ya ce ba komai, a bar bayan fari, wa zai lura?

Ya tafi da sojojin, Baba ya hana shi motocin. Kwana tara suna kan taga. Ya ɗauka, ya duba, ya ajiye, ya yi tsaki. Na san abin da ke cinsa: bai taɓa sallamar mota da aiki rabi ba. Ni kuma na kame bakina, wanda duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin jihadi ba ne. Ran na goma, ina shara, na ji ya ce, "Kira min yaron ga. Ya zo da mota ranar Asabar. Amma ta bayan gari za mu bi."

Da hantsi muka fita. Ya ja hula har gira, ya ƙi kallon taga har muka wuce gonakin shinkafa muka shiga Bakura.

Teburin kuwa da gaske babba ne, a wani aji da babu kowa. Murtala ya durƙusa suka gaisa da Baba, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, bai ko dubi ƙafar ba. Hankalinsa na kan zakin da ke ƙofar motar dalmar da aka ba shi. Aka jera runduna aka fara. Murtala ya kwashi masu kan fara ya afka tsakiyar fili ba waiwaye. Tijjani kuwa ya laɓe da motarsa a bayan tudu, yana awo da rula yana sake awo.

Da farko Baba ya tsaya a gefe yana kallo. Kafin a yi rabi ya jingine sandunansa ya dafa tebur.

"Kai Tijjani, hito mana. Mota aka ba ka ko rumbu?"

Murtala ya yi dariya har da riƙe ciki, amma shi aka cinye. Sojojinsa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, Tijjani ya lallaɓo ya kama tudun tsakiya. Baba ya ciro tsinkensa da baƙin fenti daga aljihu. A bayan motar Tijjani ya rubuta, layi uku, Sannu ba ta hana zuwa. A ta Murtala ya rubuta Zafin nema, ya ce sauran maganar mai motar ya riga ya ji ta a jikinsa yau. Harufan ba su kai ƙwayar gero ba, amma kowanne ana karanta shi. Murtala ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallo.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Baba na gaba, yana ta ba Tijjani labarin wani direba da ya yi shekara yana bin sa a kan kirari. Da muka iso bakin Mafara, Tijjani ya sa sigina zai karya ta bayan gari. Baba ya dafa masa hannu. Ya tura hularsa baya, ya sauke gilashi har ƙasa.

"Miƙe," ya ce. "Bi ta tasha. Kuma ka tahi sannu."