Littafin da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Keke

Sati uku cur littafin nan yana ƙarƙashin ƙafar keken ɗinkin Mama. Ƙafar gaba ce ke rawa, Auta kuwa ta ga kaurinsa ya yi daidai, ta cusa shi ta manta. Karatu ba ya cikin abubuwan da suka dame ta. Ƙawarta, wadda 'yan ajinsu ke kira Tabarau saboda gilashin idonta, ita ta damƙa mata shi a bakin ƙofar makaranta, ta riƙe hannunta ta ce, "Don Allah ki karanta. Ki karanta da kyau."

Bayan kwana biyar Tabarau ta tambaye ta ko ta gama. Auta, baki ba linzami, ta ce, "Tuni! Kai, ya yi daɗi. Na sha dariya har da hawaye."

Tabarau ta dube ta ta cikin gilashin nan da aka ɗaure hannunsa da zare, ta ce, "To." Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar Asabar da safe, washegarin gama jarrabawa, Mama ta ja keken don a share shago, littafin ya fito duk ƙura da guntayen zare.

"Ke Auta, kayan mutane ne kike yi wa wannan wulaƙanci? Goge ki mayar wa mai shi."

Dutsen gugan da Auta ta jona don goge ɗinkin Mama bai yi zafi ba tukuna, sai ta zauna a kan buhun yadi ta buɗe, don dai ta kashe lokaci. Labarin wasu 'yan mata biyu ne, ƙawaye tun suna ƙanana, ɗaya mai surutu, ɗaya shiru-shiru. Auta ta yi murmushi, ta ce a ranta, ai mu ne. A shafi na goma sha biyu ta ga an ja layi da fensir a ƙarƙashin wata jimla: "Idan Yaya ya dawo a buge, Baba sai ya ƙara muryar rediyo."

Ta juya shafi. Wani layin: "Tana sa riga mai dogon hannu ko da zafi ya kai zafi." Ta sake juyawa. "Umma ta ce a rufa wa gida asiri, ɗan'uwanki ne." A gefen wannan, da ƙaramin rubutun Tabarau da Auta za ta gane ko a mafarki, an sa: *haka ta ce mini.*

Murmushin ya bushe a fuskarta. Dogon hannu! Sau nawa ta tsokani Tabarau, tana cewa ko sanyi ne ya aure ta? Gilashin kuma, da ta ce wai faɗuwa ta yi a banɗaki, Auta har da ƙyaƙyatawa, tana kiranta makauniya. Wayyo Allah. Ashe yarinyar nan ta rasa bakin faɗa ne, ta nemo littafin da zai faɗa mata, ta miƙa wa mutum ɗaya da ta yarda da shi a duniya. Ita kuma ta ce ta sha dariya.

Ta dinga tsallake shafuka tana bin fensir kawai. Yarinyar littafin ta haɗu da wata mata a waya, matar ta yi mata alkawarin aiki da ɗaki a babban birni, ta ce kada ta gaya wa kowa. Yarinyar ta rarraba 'yan kayanta. Auta ta taɓa kanta: ribbon ɗin da ke gashinta na Tabarau ne, jiya ta ba ta, haka kawai. Layi na ƙarshe yana shafi na ɗari da huɗu: "Ta yanke shawara za ta shiga mota washegarin gama jarrabawa." A gefe an rubuta: *ta ƙarfe goma.*

Agogon bango ya nuna goma saura kwata.

"Mama!" Maganar ta fito a hargitse, Yaya, duka, wata mata, tasha. Mama ta karɓi littafin, ta duba shafi biyu kawai, ta zare wayar dutsen guga daga bango.

"Tsayuwar me kike yi? Ruga! Ina bayanki."

Auta ta ruga. Ta yanke ta lungun masu walda, ta tsallake kwata, ta bangaje wani mai baro ya bi ta da zagi. A gaban kantin magani silifas ɗinta ɗaya ya tsinke, ta bar shi nan. Ƙirjinta kamar ana hura gawayi. Ba ta roƙon komai sai abu ɗaya: Allah Ka sa mota ba ta cika ba, Allah Ka sa taya ta yi faci, Allah Ka sa direba ya tsaya gardama.

Goma da minti ashirin ta shiga tasha. Ta tambayi mai yankan tikiti motar babban birni.

"Ta goma? Ta tashi tun ɗazu, 'yammata."

Ta durƙusa a kan ƙasa mai baƙin mai, ta fashe da kuka irin na ƙananan yara, baki buɗe, ba ruwanta da masu kallo.

"Takalminki fa?"

Ta ɗago. Tabarau ce zaune a ƙarshen benci, bayan wasu buhuna, jakar makaranta a kan cinya, tikiti a hannu.

"Na ce wa mai tikiti a mayar da ni motar sha ɗaya," in ji ta, ba ta kalli Auta ba. "Ban san me nake jira ba."

"Ƙarya na yi miki," in ji Auta. "Ban karanta ba sai yau. Wallahi ban yi dariya ba, ban ma buɗe shi ba, a ƙarƙashin keke na sa shi. Ki yafe mini."

Tabarau ta cire gilashin ta goge da hannun rigarta. Hannun rigar ya ja baya kaɗan, Auta ta ga abin da ke wurin, shuɗi da baƙi har gwiwar hannu.

"Ba zan koma gidan can ba, Auta."

"Ba za ki koma ba. Gidanmu za mu."

"Za su zo su ɗauke ni."

"Sai su fara bi ta kan Mama."

Aka fara kiran fasinjojin sha ɗaya. Tabarau ta miƙe, ta tsaya tana duban motar, tikitin har yanzu a hannunta. Auta ta cafke igiyar jakar ta naɗe a wuyan hannunta sau biyu. Can bakin ƙofar tasha ta hango Mama tana kutsowa cikin mutane tana haki, tef ɗin awo a wuya, tsinkakken silifas a hannu.

"Ban kai ƙarshe ba," in ji Auta. "A littafin, ƙawar ta iske ta?"

Tabarau ta girgiza kai. "Ba ta zo ba."

Auta ta ƙara naɗa igiyar.