Maƙerin da Ya Kira Shanun Dikko

Shanun Dikko sun shiga gonar waken Mai Nasara ranar wata Laraba da la'asar, kuma ba Dikko ne ya kira su ba.

Abin ya faru a Garin Sanda, wani ƙauye kusa da Korgom a ƙasar Tasawa, wajajen 1890. Damina ta yi kyau a shekarar. An gama yankan gero, wake kaɗai ya rage a gonaki. Kamar kowace kaka, samari suka shirya wasan kara a dandali: dawakin kara, takubban kara, shanun ma samari ne da ƙahonin kara ɗaure a ka. Mamudu sarkin samari ya raba wa kowa wanda zai kwaikwaya. Zara'u ke ba da waƙa, 'yan mata na amshi, kalangu na bi.

Labarin wasan gajere ne. Mahara sun kore shanun wani Bafulatani, ya bi sawu, ya hau tudu ya kira su, suka baro maharan suka dawo. Da aka rasa mai yin Bafulatanin sai aka ba Cha'ibu ɗan Manzo maƙeri, don akwai wasa tsakanin maƙera da Fulani, duk abin da ya yi ba za a ji haushi ba. Kafin nan ba a san shi da komai ba sai zuga wuta.

Cha'ibu bai ƙirƙiro Bafulatani ba. Dikko ya ɗauka, tsohon da ke sauka da garkensa a gonakin garin kowace kaka tun Cha'ibu bai iya tafiya ba. Maƙerar Manzo tana bakin burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rijiya, saboda haka ya daɗe yana kallon mutumin safe da yamma.

Ya fito da malafa da sanda a kan kafaɗu, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Bai ce komai ba aka fara dariya. Aka tambaye shi yawan shanunsa, ya dubi sama ya tambayi labarin ruwa. Aka miƙa masa fura, ya rantse a ƙoshe yake, ya juya baya, ƙwaryar ta dawo ba komai. Mata suka riƙe ciki. Amma da ya hau turmin da aka kifa a matsayin tudu, ya ɗora tafin hannu a kunne, sai ya saki wani dogon sauti marar kalma, wanda ke hawa ya karye ya sake hawa. Kalangu suka tsaya da kansu. Sannan ya shiga kiran shanun da sunayensu.

"Saige, uwar garke, taho. Wule, bar waiwaye. Gida na nan inda kika bar shi."

Zara'u ta manta ta ɗauko waƙa. Sai da wata tsohuwa mai suna Hindu ta zungure ta.

Aka ce a maimaita washegari, aka sake cewa a maimaita. Mata suka koma daka da wuri don kada la'asar ta same su bakin turmi. Binta mai fura ta ɗauke ƙwaryarta daga kasuwa ta dawo dandali. Wani malami da ya ce wucewa kawai yake yi, kullum wucewar kan kama shi a gindin tsamiyar dandali har a tashi. Fatake daga Atantane suka ƙara kwana. Wani manomi daga Korgom, wanda mahara suka taɓa kwashe wa awaki, ya jefi Sidi, saurayin da ke yin shugaban mahara, da takalmi, sai da aka riƙe shi aka tuna masa takobin kara ne. Hindu kan yi kuka a wuri ɗaya kullum, wajen "bar waiwaye", sannan ta ce hayaƙi ne. Ba mai hura wuta kusa da dandali.

A hanya mata suka fara gaida Cha'ibu da "Dikko, ina shanu?" Ubansa Manzo kuwa ya ce shi bai ga abin murna ba, zuga-zugai sun yi sanyi, ga laujen mutane jibge.

Dikko bai taɓa zuwa ba. An ɗauka kunya ce irin ta Fulani.

Ran Larabar, garken ya taso daga gonakin nesa ya dawo wata saura, gonar da aka bari ta huta, da ke gabas da gari. Tsakaninta da dandali sai gonar waken Mai Nasara. Cha'ibu ya hau turmi ya saki kira. Samari masu ƙahon kara suka fara rawar dawowa. Sai aka ji ƙasa na rawa da gaske. Saige ce a gaba, jar saniya mai dogon ƙaho, sauran na biye, ganyen wake a bakinsu da ƙafafunsu. Dandali ya watse. Furar Binta ta kife, malamin ya hau tsamiya. Can baya aka hango Dikko yana gudu irin na tsofaffi, yana ɗaga sanda, bakinsa a buɗe.

Al'adar garin a fili take. Garken da ya yi ɓarna kafin a kwashe amfani, mai shi zai tashi, kuma ba zai dawo baɗi ba. Dikko ba shi da wurin zuwa. Gonakin kudu wasu garkunan sun riga sun kama, arewa kuwa ba a bin ta da tsoho ɗaya da mata, 'ya'yansa maza ba su dawo daga mashekari, inda suka yi kiwon damina, ba tukuna.

Da hantsi aka taru a ƙofar gidan mai gari Sanda. Dikko ya zauna a gefe, rawani ya rufe masa baki, matarsa Adama na bayansa.

"Ranka shi daɗe, ni ban da faɗa da kowa," in ji Mai Nasara. "Amma rabin wakena ya tahi. A gaya mani wa ya ci."

"Shanu suka ci," wani ya ce daga baya.

"Ban ce kai ba ne, Mumuni, ko da yake za ka iya."

Adama ce ta yi magana maimakon mijinta. "Baba mai gari, shanunmu suna kwance lahiya. Kiran su aka yi. Wanga ɗan maƙeri shi ya kira su da sunansu."

Mai gari ya yanke yadda za a duba abin. In shanu da kansu suka ɓalle, sakacin Dikko ne, zai tashi. In kuwa kiran dandali ya jawo su, laifin na 'yan gari ne, Dikko zai zauna, amma an gama wasan kara a dandali, bana da baɗi.

Nan shaidu suka yi yawa. Binta ta ce ita da idonta ta ga ƙudan shanu ya cije su. Wani ya ce ƙishirwa ce, wani ya ce kura suka sansano tun rana ba ta faɗi ba. Hindu ta ce ita ba ta ji wani kira ba, ai kowa ya san kunnenta. Ba wanda ya dubi inda Dikko yake zaune. Duk cikinsu babu wanda bai sha nonon da Adama ke sayarwa ba, akwai kuma waɗanda gonarsu ba ta san wani taki ba sai na garken nan.

"Malam, kai da kake bisa, mi ka gani?" mai gari ya tambaya.

"Ni wucewa nike yi," in ji malamin.

"Yaushe shanu suka fara jin maƙeri?" in ji Manzo, wanda har jiya yake zagin wasan. "Ɗana ko jakinmu bai jin maganarshi."

Mai gari ya ce abu mai sauƙi ne. A je saura da la'asar, Cha'ibu ya tsaya nesa ya yi kira. Shanu za su ba da shaida.

A hanya Mamudu ya matso kusa da Cha'ibu. "Ka ji ni. Murya takan shaƙe, ba abin kunya ba ne. Ka yi kamar jiya, amma ka ɗan karkace. Mutanen Tasawa sun aiko, suna son mu je ran kasuwa. Kai kanka ka san ba ka son komawa gindin zuga-zugai."

Cha'ibu bai musa ba, don gaskiya ne. Zara'u ta wuce su tana tari da ƙarfi, tana shafa maƙogwaro, ko da a ce bai gane nufin Mamudu ba.

Garin duka ya fito. Garken na can ƙarshen saura yana cin karan gero. Aka tsayar da Cha'ibu a kan wani suri, Dikko na gefensa kaɗan, dogare da sanda. Yau babu malafa, babu kalangu.

Cha'ibu ya dubi tsohon. "Kai Bafulatani, in kira?"

Dikko ya janye rawani daga baki. Leɓunansa suka motsa. Abin da ya fito iska ce kawai, kamar zuga-zugin da ya huje. Sai da Cha'ibu ya sunkuya sannan ya ji.

"Kira su da kyau, ɗan baƙin ƙarfe. Kada ka ba ni kunya gabansu."

Cha'ibu ya miƙe. Ya tuna tun farkon kaka bai ji kiran nan a burtali ba, sandar kawai yake gani tana aiki. Ya ɗora tafin hannu a kunne.

Waɗanda suka halarta sun ce ko a dandali bai taɓa yin kamarsa ba. Sautin ya hau, ya karye, ya sake hawa. Saige ta ɗaga kai tun kafin a kai ga sunanta. Ta yi kuka sau ɗaya ta taho, garken ya biyo ta, ba gudu irin na jiya ba, sauri dai. Mutane suka ja baya. Ta zo gindin surin ta miƙa wuya ta sansana Cha'ibu, ta yi atishawa, don warin gawayi ba ya fita daga rigarsa. Ta tsaya kamar mai tunani. Sannan ta juya wajen Dikko ta sa goshi a ƙirjinsa, ta tura har sai da ya ja da baya.

"Tun tsakiyar damina," Adama ta gaya wa matan da ke kusa da ita. "Zazzaɓi ya tahi, ya tahi da muryar. Ya hana ni faɗi. Su kuwa shanun kullum da yamma sai su tsaya suna saurare."

Hindu ta yi kuka, amma yau ba ta ce hayaƙi ne ba. Binta ta ce wataƙila ba ƙudan shanu ta gani ba, rana ce ta shiga idonta.

Mai gari ya ce shaida ta cika. Dikko zai zauna. Samari za su ɗebe wa Mai Nasara sauran wakensa, su kuma sussuke masa gero. Wasan kara a dandali ya ƙare. Mamudu ya cire ƙahon karan da ya manta yana rataye a wuyansa, ya yar. Cha'ibu ya sauko daga surin. Ba wanda ya tafi gida.

Mai Nasara ya yi gyaran murya. An san bai taɓa fashin wasan ba, yana da buzun da yake shimfiɗawa a sahun gaba.

"Ranka shi daɗe, dandali ka ce?"

"Dandali na ce."

"To, ni ina da saura can yamma, wadda ta gaji, ko gero ba ta yi. Ba gonar kowa kusa. In an ɗebe wake, a kai shanun can su kwana, a yi wasan gabansu. Ba mai ƙetara gonar wani. Ni kuma in sami taki."

"Wake ka yi hasara ko wayo ka samu?" in ji Mumuni.

"Kai dai ka zo da tabarmarka, ba ni ba ka buzuna."

Mai gari ya ce shi bai hana kowa zama a gonarsa ba. Ya tambaya ko daga nan ana ganin saurar, aka ce sai an matsa. Ya ce to a ajiye masa wuri.

Zuwa Tasawa dai bai yiwu ba, Dikko ya ce shanunsa ba 'yan yawon kasuwa ba ne. Mutanen Tasawan ne suka zo. Tunda ga shanun gaske a wasan, samari masu ƙahon kara suka koma mahara, abin da ya fi musu daɗi. Cha'ibu kan yi zuga da safe, Manzo na gunaguni, da la'asar ya ɗauki malafa.

Ranar farko a sabuwar saurar, Dikko ya zo ya zauna a ƙarshen buzun Mai Nasara, ya juya rabin baya kamar ba kallo yake ba. Da aka kai wajen fura, kafaɗunsa suka yi ta girgiza. Da aka tashi ya yafito Cha'ibu da sanda. Cha'ibu ya durƙusa ya kawo kunne.

"Wule ba ta son a ja sunanta. Gajere, kamar kana jin haushinta."

"To, Baffa."

"Kuma ni ban taɓa shanye hura duka ba. Nikan rage."

"Ka rage ma wa?"

"Maƙeri," in ji Dikko. "Gobe da sahe ka zo rijiya. Ba su sha da kyau in ba a kira su ba."