Jakar Gudun Ruwa

Wata ranar Talata cikin Agustan bara ruwa ya ci unguwarmu. Muka fita a ƙafa zuwa tudun makarantar firamare, ni a gaba rungume da kwalin littattafai, matata Lantana a baya da sauran kayan gida a kanta. Haka muka saba tafiya tun aurenmu, ni gaba, ita baya. Kwana tara bayan nan ta rasu. Likita ya ce sanyi ne ya kama mata ƙirji. Littattafan suna nan lafiya.

Bana damina na kawo kai sai ga 'yata Murja daga Kano da wata jaka irin wadda ake goyawa a baya. Ta zauna a tabarma tana cusa kaya tana faɗa mini sunayensu, kamar ban taɓa ganin ashana ba. Tocila, batir, garin kwaki, ƙuliƙuli, ruwa gora biyu, maganin hawan jini, takardun gida a ƙulle cikin leda, har da usur, wai in na maƙale a kan rufin ɗaki in busa. Ta ce kullum da safe in goya jakar in zagaya unguwa don jikina ya saba. Sau ɗaya na gwada. Na kai ƙofar masallaci na zauna ina haki, wani tela ya leƙo ya tambaye ni ko Makka za ni a ƙafa. Daga ranar na jingine ta a bayan ƙofa, bayan na ƙara mata ƙamus da littattafai uku, don ban ga amfanin mutum ya tsira ya rasa abin karantawa ba.

To, jiya na yi wani mafarki. Ba ma da dare ba. Bayan azahar ne na kishingiɗa, barci ya ɗauke ni.

Na tsinci kaina a layi, jakar a gabana. Layin ya miƙe har wata rumfa da aka rubuta wa Ofishin Awon Masu Gudu. Kowa da kayansa. Mutumin da ke gabana ya ɗauko rijiyar gidansu a ka, da guganta. Wata mata ta naɗe inuwar darbejiya kamar tabarma ta saƙale a hammata. Babu mai gaggawa. An riga an yi sanarwa cewa ruwa zai iso da la'asar, kuma a garin an san ruwa da cika alkawari.

Shugaban ofishin jaki ne, yana zaune a bayan tebur da tabarau a hanci. Akawunsa ƙadangare, duk abin da aka faɗa sai ya gyaɗa kai, amma ban ga ya rubuta ko harafi ɗaya ba. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati, saboda haka ban ga abin mamaki ba.

"Suna?" in ji jakin.

"Malam Hambali, tsohon shugaban makaranta."

"Ban tambaye ka abin da ka daina ba. Ɗora a sikeli."

Na kinkimi jakar da kyar na ɗora. Allurar sikelin ta yi juyi uku ta tsaya.

"Shekara talatin da huɗu," jakin ya ce. Ƙadangare ya gyaɗa kai.

Adadin shekarun aurenmu ke nan, amma ban ga dalilin faɗa wa jaki sirrin gidana ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a auna nauyi da shekara. Da kilo ake aunawa. Ni na koyar da wannan."

"Ka taɓa ɗaukar kaya?"

"Na yi karatu a kai."

"Ni kuwa na ɗauka. Shekara talatin da huɗu."

Na ce bari in rage. Na zare gorar ruwa ɗaya, allura ba ta motsa ba. Na zare batir da garin kwaki, sai ta ƙara wata biyu. Jakin ya ce in mayar da su, ina ɓata wa jama'a lokaci. Sannan ya jawo wata takarda da haƙori ya duba.

"Mutum biyu aka rubuta a gidanku. Ɗayar ta wuce tun da hantsi. Gajera, da ƙunshi a ka. Ita ba ta yi gardama da sikeli ba."

"Lantana?"

"Ba ta faɗi suna ba, cewa ta yi ita iyalin Malam ce. Da la'asar ake rufe ƙofar tudu, kuma ba a sake buɗewa. In ka isa kafin nan, ka same ta. In ba ka isa ba, shi ke nan. Na baya ya matso."

Sai ga ni a kan hanya. Hanyar jar ƙasa ce, ta miƙe ɗoɗar, tudun yana can ƙarshenta. Na goya jakar yadda Murja ta koya mini, na yi taku goma, hannayen jakar suka zame daga kafaɗata ta faɗi. Na sake goyawa, ta sake zamewa.

A gindin wata tsamiya akwai wata tsohuwa tana toya ƙanƙara a kasko, tana juya ta da tsinke. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ɗan nan, a garin nan jariri kaɗai ake goyawa. Kaya a ka ake ɗauka. Ina gammonka?"

"Ba ni da gammo, Iya."

"Wa yake naɗa maka?"

"Ba a naɗa mini. Ni ba na ɗaukar kaya."

"To wa yake ɗauka?"

Na dubi kaskon. Ƙanƙarar ta soma yin ja.

"Cire hular," ta ce.

Tun ranar da aka ba ni shugabancin makaranta babu wanda ya ga tsakiyar kaina a waje in ba wanzami ba. Na duba gabas na duba yamma, na cire. Hular ta dira ƙasa ta kama hanyar gida ita kaɗai, ko sallama ba ta yi mini ba. Tsohuwar ta sa na tuɓe babbar rigata, ta murɗe ta, ta naɗe ta zagaye, ta danna mini a ka. Na tsaya daga ni sai 'yar ciki da wando.

"Kama can, in kama nan. Bisimilla. Kai, tanƙwara mana! Sai ka ce turken wuta."

Jakar ta hau kaina. Na ji wuyana ya shige cikin ƙirji kamar na kunkuru.

"Kada ka kalli ƙasa," ta ce. "Kada ka yi magana da yawa. Na ga alama wannan ne zai fi ba ka wahala."

Na yi tafiya. Ba zan ce ga tsawonta ba, don tudun wani lokaci ya matso, wani lokaci ya ja da baya ya tsaya yana kallona. Can nesa na hango wani ɗan ɗigo yana tafiya da ƙunshi a ka. Na san tafiyar, ko da yake ban taɓa ganinta ta baya ba. Na ƙwala kira, sai muryata ta fita ta nufi yamma.

Wajen rabin hanya gwiwata ta hagu ta yi gyaran murya.

"Malam, muna da ƙorafi."

"Ba yanzu ba."

"Yanzu dai. Shekara talatin da biyar muna ƙarƙashin tebur. Ba ka neman mu sai wajen sallah, can ma sai ka dafa ƙasa kake tashi. 'Yarka ta ce ka riƙa fita da mu da safe, kwana ɗaya ka yi. Yau rana tsaka kake so mu zama na soja?"

Ta dama ta ce ita ba ta son dogon zance, tana bayan 'yar'uwarta. Suka sauka suka tafi gindin wata kuka suka zauna suna fifita. Na ci gaba ba gwiwa, ƙafafuna a sandare kamar taɓarya biyu, ina jefa ɗaya ina jawo ɗaya. A kaina ƙamus da littafin tarihi suka kaure da musu a kan wanda ya fi amfani a lokacin ambaliya. Ban sa musu baki ba.

Inuwata ta soma tsawo. Sai na ji an yi sallama a bayana.

Na amsa ban juya ba, don mai kaya a ka ba ya juyawa yadda ya ga dama. Mai sallamar ya zagayo ta gefena. Ruwa ne. Ja, mai kauri, yana hawan tudu a natse kamar dattijo mai zuwa ta'aziyya. Yana ɗauke da ƙyauren wani gida da kaji uku a kai, da wata rediyo tana ta faɗin cewa gobe za a yi rana.

"Malam, a yi haƙuri, a ɗan ƙara sauri. Ba na son in riga lokacina, amma kai ma kana tsaye a kan hanyata."

"Ina ƙoƙari."

"Na gani. Ai na san ka. Bara ka ratsa ta cikina rungume da kwali. Kai a cinya na tsaya maka, da yake dogo ne kai."

"Na tuna."

"Ita wadda take bayanka har ƙirji na kai mata. Sau biyu ta yi tuntuɓe, ta dafe kayan ba ta dafe kanta ba. Ta kira ka sau ɗaya."

"Ban ji ba."

"Ina da ƙara, gaskiya ne. Amma ba ka waiwaya ba."

"In na waiwaya kwalin zai karkace, littattafan su jiƙe."

"Sun jiƙe?"

"A'a."

"To madalla," in ji ruwan. Ya ja da baya taku biyu don ya ba ni hanya, ya ci gaba da bina.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, na ga ina gudu. Mutum mai shekara sittin da takwas, ba hula, ba riga, ba gwiwa, hannu biyu a sama riƙe da jaka. Garin kwaki yana zuba ta wata huda yana shiga mini ido. Usur ɗin yana busa kansa a ciki. Da ɗalibaina sun gan ni da sun yafe mini duk bulalar da na yi musu.

Ƙofar tudu ƙofa ce kawai, babu katanga ta ko'ina, amma kowa ta ƙofar yake shiga. Wani rago ne mai gadi, mabuɗi a rataye a ƙahonsa. Ya riga ya turo ƙyaure ɗaya. Ya dubi rana, ya dube ni, ya ce, "Kai ne na ƙarshe. Sunkuya, kayanka sun fi ƙofar tsawo."

"Ba ni da gwiwa."

"Wannan ba ofishina ba ne."

Na karkace na shige a haka, kafaɗata ta gogi ƙyaure. Ya rufe a bayana.

A kan tudun mutane suna sauke kaya bibbiyu, wannan ya kama wa wancan, wancan ya kama wa wannan. Mai rijiya ya sami wanda ya taya shi, sun girke ta har an fara jan ruwa. Mai inuwa ta shimfiɗa inuwarta, mutane sun zauna a ciki.

Lantana tana tsaye a tsakiyar fili ita kaɗai, ƙunshin yana kanta. Tsohon zanenta ne ta ƙulle kayan a ciki. Na ga bakin tukunya, da fitila, da tabarma a naɗe, a can sama kuma takalmina na zuwa Juma'a. Zanen jikinta a jiƙe yake har ƙirji. Jijiyoyin wuyanta sun miƙe.

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ka iso? Ina hularka?"

"Ta koma gida."

"Rana za ta dake ka. Wa ya naɗa maka wannan gammon? Ya karkace."

"Wata tsohuwa. Tun yaushe kike tsaye a nan?"

"Tun bara."

"Me ya hana ki saukewa?"

"Haba Malam. Kaya in ya kai haka ai mutum ɗaya ba ya sauke shi, wuya yake karyawa." Ta gyara tsayuwa. "Ka sha maganinka?"

Na tuna bara da muka isa tudun makaranta. Durƙusawa na yi na buɗe kwali ina duba shafi-shafi. Ban san wanda ya kama mata ta sauke ba. Ban kuma tambaya ba, duk kwana taran nan.

Hannayena biyu suna sama, sun ƙage a jikin jakar. Ba yadda zan miƙa su sai na sake ta. Na saki. Ta sulale ta bayana ta gangara, na ji ta faɗa ruwa, na ji ruwan ya ce ya gode. Ban waiwaya ba. Na matsa kusa da Lantana har ina jin ƙamshin hayaƙin da ke jikin zanenta. Na ɗaga hannu, na buɗe baki.

Sai injin markaɗen maƙwabcina ya tashi.

Na farka a kan tabarma, hannayena biyu a sama, bakina a buɗe. Ta bayan katanga wata mata tana faɗa a kan an sa wakenta a bayan na wata. Na sauke hannayen a hankali, na zauna har injin ya mutu.

Ba wata doguwar magana ba ce. Cewa zan yi, "Sannu, Lantana. Bari in kama miki ki sauke."