Hannun Auta a Kan Akwatin Sifika

Su huɗu ne a gidan: uban, wanda kowa ke kira Tela saboda sana'arsa, da matarsa, da babban ɗansu da ke makarantar kwana, sai Auta. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba, har 'yar tsohuwar mota suna da ita. Abin da suka rasa shi ne jin Auta. Tun zazzaɓin da ya kwantar da ita tana ƙarama kunnuwanta suka daina ɗaukar sauti. Magana a leɓen mutum take karanta ta, in ya fuskance ta ya yi a hankali. Waƙa kuwa, sai dai ta ga mutane suna kaɗa kai.

Tela ne ya lura cewa duk lokacin da ya tayar da keken ɗinki, sai ta ɗora tafinta a kan teburin tana murmushi. Daga nan ya sayo babbar sifika mai akwati, irin wadda ke fitar da kaurin sauti, da amfilifaya mai ƙara mata ƙarfi, ya haɗa su da hannunsa a but ɗin motar. Kujerar baya rabi biyu ce. Auta takan zauna a ɗaya, ta kwantar da ɗayan, ta miƙa hannu cikin but ta dafa akwatin. Bugun ganga ya bi ta tafinta ya taho har ƙirji. Haka take jin waƙa.

Sai akwatin ya fara rigima. Ana cikin tafiya sai ya yi ɓas, kamar an fasa leda mai iska, wani lokaci ya jera su. Ranar da haƙurin uwar ya ƙare, ƙarar ta firgita Tela har tayar gaba ta hau gefen titi.

Ta ce, "Baban Auta, akwatin nan ko ya kai mu rami ko ya ƙone motar muna ciki. A cire shi."

"Bari in sake kai wa Gajere mai gyaran rediyo."

"Ka kai, ka sake kaiwa. Me ya gani?"

Bai ga komai ba, wannan gaskiya ne.

"To, in wannan karon ma bai gano ba, ni da kaina zan ɗauko almakashinka in yanke wayoyin."

Ta madubi Tela ya hango Auta tana kallon bakin uwarta. A hankali ta janye hannunta, ta ɗaga kujerar, ta zauna a kan tafukanta. Daga ranar ba ta sake taɓa akwatin ba.

Ranar da Tela zai koma wurin gyaran babu makaranta, uwar kuma za ta fita, sai ya tafi da yarinyar. Rumfar Gajere cike take da tsofaffin rediyon mota, da batura a jere a ƙasa, da wayoyi a rataye jikin ƙusoshi, ga ƙaurin dalma. Shi kansa dogo ne, sai ya sunkuya yake fitowa.

"Tela, ka sake kawo mini mara lafiyar da ke warkewa a ƙofar asibiti?"

"Kai dai duba. Yau in ba ka gano ba, an yanke masa hukunci a gida."

"Uwargida ce alƙali? To ba ɗaukaka ƙara."

Ya bi komai daki-daki, yadda ya saba. Ya duba fis, ya gwada ƙarfin batir, ya zare wayoyin nan ja da fara masu kawo sauti daga rediyo ya goge bakinsu ya mayar. Ya danna fuskar sifikar da yatsu a hankali, ko zai ji tana gogar wani abu. Ya rage ƙarfin amfilifaya, ya ƙara. Ya kunna, ya kashe, ya jijjiga motar da kafaɗa. Kiɗa na fita tas.

Ya goge hannu ya ce, "Ni dai ban ga laifinsa ba. In kana jin tsoro, mu sauke shi."

Tela ya waiwaya. Auta na zaune a benci, idonta a kan bakin Gajere. Ya tabbata ta karanta. Sai ga ta ta taso, ta kama gefen rigar ubanta, ta yi magana da muryarta mai ɗan nauyi.

"Baba, ni ce. In na taɓa shi yake yi."

 Ashe abin da take ɗauke da shi ke nan duk kwanakin nan. Tela ya buɗe baki zai ce mata ba haka ba ne, amma Gajere ya ɗaga masa hannu, ya durƙusa har fuskarsa ta daidaita da tata.

"'Yata, yaya kike taɓa shi? Nuna mini."

Ta dubi ubanta. Ya gyaɗa mata kai. Ta shiga baya, ta ja igiyar kujerar, ta kwantar da ita. Tun kafin hannunta ya kai ga akwatin, sai ɓas.

Gajere ya ce, "Yauwa. Ɗaga. Sake kwantarwa."

Ɓas, ɓas.

Ya cusa dogon wuyansa tsakanin kujerar da but, ya haska da tocila, sai ya fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Tela, wa ya ɗaure baƙar wayar nan?"

"Ni."

"A jikin notin da kujera ke juyawa a kai?"

"Shi ne notin da ya fi kusa."

"Zo ka gani." Ya matsa masa. "Ita wannan wayar ce ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. So take ta kama ƙarfe gam, ba motsi. In kujera na tsaye, tana danne ta, komai lafiya. Da an kwantar, sai ta saki, a kowace gargada ta taɓa ta rabu. Duk taɓawa ɗaya, ɓas ɗaya. Ga fenti ma a ƙarƙashinta. Kai da ka san ba a kafa maɓalli inda tufa ke naɗewa."

"Me ya sa ba ka gani ba tun farko?"

"Ka taɓa ce mini ana kwantar da kujera?"

 Tela bai taɓa faɗa ba. Abin ya zame masa jiki har bai ɗauke shi labari ba, kuma kullum shi kaɗai yake zuwa, kujera a tsaye.

"Motar ba za ta kama wuta ba ke nan?"

"Da an daɗe a haka, amfilifaya ce za ta gaji. Yanzu kam ko kusa."

Gajere ya kwance wayar, ya datse bakinta da ya yi baƙi, ya sa mata sabon kai. Ya sami wuri a ƙasan but, nesa da kujera, ya kankare fentin har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure ta da noti ya matse da sifana. Sannan ya kamo hannun Auta ya ɗora a kan wayar.

"Ja," in ji shi, yana fuskantarta. "Ja da ƙarfi."

Ta ja. Ko motsi.

Ya nuna mata tsohon notin, ya nuna ubanta, ya kama kunnensa kamar mai neman gafara. Tela ma ya kama nasa kunnen. Auta ta dube su duka biyu, dariya ta kufce mata.

Suka fita gwaji ta layin bayan rumfar, inda ramuka suka fi yawa, kujera a kwance, kiɗa na tashi. Tela ya bi kowane rami da gangan, kunnensa a baya, kafaɗunsa a ɗage. Suka kai ƙarshen layin suka juyo. Babu komai sai ganga. Ya sauke numfashi, ya ji kafaɗun sun sauko da kansu, ya fara shirya yadda zai gaya wa uwar cewa laifin nasa ne.

A madubi ya ga hannun Auta yana tafiya a hankali. Ta fara da yatsa ɗaya, ta jira. Sannan ta shimfiɗa tafin duka. Ta gane cewa ba hannunta ne ke ɓata akwatin ba, kuma ba za a cire shi ba.