Ranar Sunan Gizo-gizo Mai Tsalle

Jiya da na kishingiɗa, mafarki ya kai ni wani gari inda hayaƙi ke gangarowa ya shige murhu, rijiyoyi kuma a sama suke rataye, sai an kafa tsani a ɗebo ruwa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ƙanina Ilu, da na tarar zaune cikin sabuwar shadda ana ta yi masa barka.

A kan hularsa akwai wani ɗan gizo-gizo da bai kai ƙwayar dawa ba, ruwan toka, mai jan wuya, da manyan idanu biyu a gaba kamar fitilun mota. Na san shi sarai. A tsagar bangon ɗakina yake, ni nake zama ina kallonsa yana laɓaɓa wa ƙuda, ya daka tsalle ya cafke. Amma a garin nan, duk wanda abu ya dira a kansa, nasa ne.

"Yaya, ka zo suna?" in ji Ilu. "Sunana za a raɗa masa. Har jikokin jikokinsa Ilu za a riƙa ce musu."

"Madalla," na ce, haƙorana a haɗe.

Sai ga mu a zauren wanzami. Wanzamin wata tsohuwar zabuwa ce mai tabarau, aikinta ta gano dangin kowace halitta kafin ta yi mata tsagar gado. Ta birkice gizo-gizon, ta leƙa cikinsa, ta auna ƙafafunsa da tsinken tsintsiya.

"Abu ɗaya ya rage," ta ce. "In yanar gizo yake saƙawa ya kama abinci, ɗan gidan masaƙa ne, irinsu sun cika gari, ba suna ba rago. In tsalle yake yi, sabon iri ne. Wa ya taɓa ganin cin abincinsa?"

"Ni dai yau na fara ganinsa," in ji Ilu. "A tambayi Yaya."

Na yi tunani. Gaskiyar nan tawa ce, ni na zauna na tara ta, ga shi ana so in miƙa wani ya yi ado da ita. Mutumin da ya riƙe kayansa, za a ce ya yi sata?

"Saƙa yake yi," na ce.

Ragon sunan ya kwance igiyarsa da kansa, ya yi mini godiya, ya tafi gida. Na jira Ilu ya fusata. Sai ya miƙo mini goro ya ce, "Ka fid da ni kunya, Yaya. Da na ci suna a banza." Goron ya ƙi haɗiyuwa.

Sai na ga kaina a rumfar masaƙa. Sun zaunar da gizo-gizon gaban zare, sun ɗaure masa ƙafafun baya don kada ya riƙa zabura. Ƙudaje na yawo a gabansa suna hira.

"A nan wanda bai saƙa ba, ba ya ci," in ji sarkin masaƙa.

Gizo-gizon ya juyo da manyan idanun nan ya dube ni. "Baffa," ya ce, "kai da ka gan ni ina yi, ta ina nake farawa?"

Na ruga zauren zabuwa. Na same ta tana wanke aska, ta ce mai gyara shaida ya yi sauri kafin askar ta bushe. Na buɗe baki zan ce tsalle, sai wata irin ƙara ta fito a maimakonsa, ta ƙi tsayawa.

Injin niƙan maƙwabta ne aka tayar. Na farka bakina a buɗe.