Katin Jubal Crane

A garin Manti na jihar Utah a Amurka, kowa ya san Verla Madsen da tonon asalin dangi. Ita ke cike katin da ake kaiwa Haikalin 'yan addinin Mormon, inda mai rai kan shiga ruwa a yi masa baftisma a madadin kakansa da ya mutu bai karɓi addini ba. Kafin a yi, mamacin yana can yana jira.

Wajen tonon nan ta ci karo da Jubal Crane, kakan kakan mijinta DeLoy. Sunan ba baƙo ba ne. Shi ya cinna wa gidan Keziah wuta a Illinois, don kawai 'yan Mormon ne. Keziah kuwa kakar kakar Verla ce. Da ƙafa ta tako zuwa Utah, ta binne jaririnta a gefen hanya, ba ta daina addu'a ba.

Verla ta cike katin tsaf, ta cusa shi a ƙarƙashin gwangwanin gari.

"Tsohuwa, ina katin kakana?" DeLoy kan tambaya duk ranar bikin tunawa da magabata, yana ɗaura malafarsa.

"Akwai sauran bincike, maigida."

"Shekara goma sha ɗaya? Ko kunkuru aka aika ai ya dawo."

"To aiki kunkurun mana."

Ya yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Ta tsani Jubal kamar jiya ya ƙyasta ashanar.

Da ciwo ya kwantar da DeLoy, ya kamo hannunta. "Na san yana ƙarƙashin gari, Verla. Ba ni in shiga ruwan tun ina iya tsayuwa. Keziah da kanta da ta yafe."

"Keziah ba ta aiko ni ba," in ji ta.

Sati uku bayan haka ya rasu.

Ranar jana'iza an sa masa fararen kayan Haikali, kwarjininsa na nan. Verla ta yi kuka na gaske, don tana son mutumin nan. Kafin a rufe akwatin ta sunkuya, ta zura katin a aljihunsa, gurbin ranar baftisma fari fat.

"Kai masa," ta raɗa. "Ka ce jikar Keziah na gaishe shi."

Ta koma gida, ta ɗora tukunya, ta fito da faranti biyu kamar kullum.